Digirin kula da otal ba ya mai da mutum manaja nan take

An daɗe ana cewa duk wanda ya yi digiri a fannin kula da otal, yana gamawa zai zama manaja, don haka ko bashi aka ci don karatun, nan da nan albashi zai share shi. Masu faɗin haka alheri suke nufi, amma ba haka aikin yake ba.

Yawanci daga ƙasa ake farawa: teburin karɓar baƙi, kicin, ko duba ɗakuna, ga aikin dare har ranar Sallah, albashi kuma ba yawa. Takardar tana taimakawa wajen ƙarin girma, amma sai an haɗa da gogewa. Bashi kuwa ba ya jira. Naira 1,200,000 da za a biya cikin shekara 5, Naira 20,000 ke nan duk wata, ban da kuɗin ruwa.

Kafin a ci bashi, a tambayi waɗanda suka gama karatun ko nawa ne albashin da suka fara ɗauka, a cire haya, abinci da kuɗin mota, a ga me ya rage. A kwatanta kuma da difloma ta shekara 2.

Don Allah a tura wa iyaye da ɗalibai wannan bayani.