Don Allah a daina cinna wa kututture wuta

Lokacin sharar gona ya zo, kuma abin da nake gudu shi nake ta gani. A ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, ta wajen Doguwa da Tudun Wada, da wuya in shiga gona ban tarar da kututture ya yi baƙi ƙirin ba. An tara masa kara da busasshen kashin shanu, an cinna wuta, tana ta cin sa a hankali har cikin ƙasa. Wani ma ba ya tsayawa nan, sai ya kawo diga ya tone saiwar ya yi gawayi da ita. In na tambaya, amsar ɗaya ce: "Malam, ai ya mutu, garma kawai yake karya mini."

Bai mutu ba! Sau nawa za mu faɗa? Kalgo, sabara, geza, marke, taramniya, magarya, duk in an sare su saiwarsu na nan da rai, ta riga ta nutsa ta kai ga danshi. Ku duba gindin da kyau kafin damina, za ku ga toho jajaye-jajaye suna leƙowa ta gefen ɓawo. Wannan tohon ya fi dashen da muke raba muku a leda saurin girma nesa ba kusa ba, ba ya neman ban ruwa, ba ya neman taki. Amma sai mutum ya ƙone shi da hannunsa, sannan watan Yuli ya zo ofishinmu na gandun daji yana neman dashe kyauta. Haba jama'a!

A Ingila akwai wani tsohon daji a Bardney, cikin yankin Lincolnshire, da gwamnati ta keɓe take kare shi. Bishiyar da ta fi yawa a cikinsa suna kiran ta laim, ba lemun tsami ba ce, wata ce mai faɗin ganye da a da ake murza igiya da ɓawonta kamar yadda muke yi da kuka. Shekaru ɗaruruwa mutanen wurin suna sare ta daga gindi, su ɗebi itace, su bar kututturen ya sake tohowa, bayan wasu shekaru su dawo su sake sara. Dajin na nan har yau. A Westonbirt ma, wani lambun bishiyoyi a Ingila, akwai gindin irin wannan bishiya da ake kiyasta ya kai shekara 2,000, kuma har yanzu ana sara yana tohowa.

In kun ce can ƙasar ruwa ce, to ga Maraɗi nan kusa, wadda ta fi mu fari. Tun wajen 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoma su bar kututture su gyara tohonsa, abin da suke kira sassaben zamani. Da farko dariya aka yi wa masu yi. Yau ana kiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai hekta miliyan 5, bishiyoyi kimanin miliyan 200. Hausawa ne 'yan'uwanmu, da adda da gatari irin namu suka yi.

Na san halin da ake ciki, wallahi na sani. Gas ya yi tsada, uwargida na neman abin hura wuta, buhun gawayi kuma kuɗi ne a hannu. Ban ce kowa ya kwana da yunwa ba. Amma ku masu shiga cikin gandun dajin Falgore da dare, ku sare marke da ƙirya, ku haɗa ramin gawayi a kan gindin, ku ji tsoron Allah. Sara a cikin gandu laifi ne, ƙone gindin kuma ya fi muni, don wurin ya tashi ke nan. Kogin Kano ta cikin dajin nan yake bi kafin ya zuba a dam ɗin Tiga. In gefensa ya zama fili, ƙasar da ruwa zai kwashe can za ta je ta taru, masu noman rani su kwana a ciki.

A gonarka ga abin yi, ba wuya:

- Kada ka tara kara ko ciyawa a gindin kututture, janye su nesa kafin ka sa wuta.
- Zaɓi toho 3 zuwa 5 masu ƙarfi da suka miƙe, ka cire sauran.
- Adda ta zama mai kaifi, ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage.
- Ɗaura jan ƙyalle, yara da masu kiwo su san da mai shi.
- Kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
- Duk shekara ka iya sare guda ɗaya ka yi makamashi, ka bar sabo ya maye gurbinsa.

Garma kuwa, a kauce mata taki ɗaya, ba abin da zai ragu a amfanin gonarka. Masu unguwanni da limamai, don Allah ku taya mu faɗa bayan sallar Juma'a. Wanda bai gane yadda ake gyaran tohon ba ya tare ni ranar kasuwa, mu je gonarsa tare in nuna masa a kan kututturensa.