Ziyarar mai jego da jariri a gida a Legas

Ziyarar mai jego a gida tsari ne da ma'aikatan lafiya ke bin uwa da jaririnta har ɗaki a kwanakin farko bayan haihuwa, maimakon a jira sai ciwo ya kai su asibiti. A Legas aikin yana ƙarƙashin cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke ƙananan hukumomi 20 na jihar, da ƙananan yankunan raya ƙasa 37.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa kai wannan ziyara a rana ta 1, ta 3 da ta 7, saboda kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa kafin su cika wata ɗaya, a makon farko suke rasuwa. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS, mai horar da mutanen unguwa, akasari mata, su shiga gida-gida.

Mai ziyara takan duba cibiya ko ta yi ja ko tana ruwa, ta nuna yadda ake shafa maganin chlorhexidine a madadin gasa cibiyar da tsumma mai zafi. Takan kai jaririn bakin ƙofa inda akwai haske, ta duba idonsa da tafin ƙafarsa don gano shawara. Nan ne ake maganar kafur, wanda iyaye ke zubawa cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi, alhali yana iya tsananta shawara ga wasu yara. Takan ƙirga numfashi: idan ya kai 60 a minti ɗaya, ko yaro ya ƙi kama nono, sai asibiti. Uwar kuma a tambaye ta yawan zubar jini, zazzaɓi, ciwon kai da ganin dishi-dishi, a tuna mata rigakafin mako na 6.

Ga Hausawan Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, amfanin ziyarar ya fi fitowa fili. Al'adar jego tana tsare mace a ɗaki har kwana arba'in, kuma wadda ba ta samu zuwa wankan gida Arewa ba takan rage daga ita sai maƙwabta. Wankan ruwa mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa, waɗanda binciken likitoci a Zariya ya alaƙanta da ciwon zuciya bayan haihuwa, abubuwa ne da ake iya tattaunawa a tsanake a cikin ɗaki, a gaban uwar miji da ungozoma. Hakan na buƙatar ma'aikaciya mace mai jin Hausa, da kuma yardar maigida, shi ya sa ake biyowa ta hannun sarakunan Hausawa da limaman unguwa.