Waiwaye: Dragon Quest da faɗan bi-da-bi tun 1986

A shagunan gem na Birnin Kebbi da Argungu ƙwallo ce ke cin kasuwa, shi ya sa ba kowa ya san Dragon Quest ba, jerin wasannin gem na jarumai masu yaƙi da dodanni. Amma wanda ya iya zaman dara zai gane shi nan take: ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa. Ba saurin yatsa ake nema ba, lissafi ne.

Kamfanin Enix ne ya fitar da shi a Japan ranar 27 ga Mayu, 1986, a na'urar gem ta Nintendo mai suna Famicom. Yuji Horii ya tsara, Akira Toriyama ya yi zane, Koichi Sugiyama ya yi kiɗa. A wancan na farko jarumi ɗaya ne ke karawa da dodo ɗaya, kuma kaset ɗin ba ya adana komai. Sai dai ka kwafi kalmar sirri mai harafi 20 a takarda. A na biyu, na 1987, takan kai harafi 52, kuskure ɗaya kuwa ya isa ya rushe wahalar kwanaki.

Na uku, na 1988, shi ne ginshiƙin. Ya zo da batir a cikin kaset, da tawagar mutum huɗu, da sauya sana'a: ɗan tawaga ya kai mataki na 20, ya koma na 1, ƙarfinsa ya ragu da rabi, amma sihirin da ya koya yana nan. Da haka ake samun mayaƙin da ya iya warkarwa.

Abin da ya fi burgewa shi ne adalcinsa. In an gama da tawagarka, rabin kuɗin hannunka kawai ke tafiya, matakin da ka kai ba ya taɓuwa. Wanda ke banki kuwa lafiya lau, sai dai dubu-dubu ake ajiyewa. Sababbin shiga sukan ƙarar da sihiri tun a bakin kogo, su iske babban dodo hannu rabbana. A nan gida ga kuma ɗaukewar wuta, don haka a adana wasa kafin a bar gari.

Enix ya haɗe da kamfanin Square a 2003. Wasan Square ɗin, Final Fantasy, takwaran Dragon Quest, ya koma faɗan kai-tsaye, amma Dragon Quest na 11, na 2017, ya tsaya a kan bi-da-bi. A Nuwamban 2024 aka sake fitar da na uku cikin sabon zane, wata takwas bayan rasuwar Toriyama.