Hanyoyin Tattaki na Gaɓar Tekun Cape Town

Hanyoyin tattaki na gaɓar tekun Cape Town turbobin ƙafa ne da suka ratsa duwatsu da bakin ruwa a zirin ƙasar da ya miƙe daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu har zuwa Cape Point, tafiyar kimanin kilomita 60. Galibinsu suna cikin Gandun Ƙasa na Table Mountain, wanda aka kafa a 1998 da sunan Gandun Cape Peninsula, aka sauya masa suna a 2004. Hukumar gandayen ƙasar, SANParks, ce ke kula da shi. Abin da ya bambanta shi da galibin gandayen Afirka shi ne birni ya kewaye shi. Mutum zai sauka daga jirgin ƙasa, ya tsallaka titi, ya hau matakala tsakanin katangun gidaje, kafin rabin sa'a sai ga shi cikin daji, teku na ƙasansa. Yawancin gandun ba shinge ba ƙofa. Wurare kaɗan ne ake biyan kuɗin shiga, kamar Cape Point da Boulders.

Tsirrai da wuta

Dajin nan ba na dogayen itatuwa ba ne. Gajerun tsirrai ne masu ƙananan ganye da tauri, waɗanda ake kira fynbos da harshen Afirkans. Baƙo kan ɗauke su ciyayin banza, alhali zirin Cape kaɗai yana da nau'in tsiro sama da 2,000, wasunsu ba sa fitowa a ko'ina cikin duniya sai nan. A 2004 UNESCO ta sa yankin tsirran Cape cikin wuraren gado na duniya. Cikinsu har da furen protea babba, wanda shi ne furen ƙasar Afirka ta Kudu.

Tsirran nan da wuta suke rayuwa. Wasu ba sa sakin iri sai gobara ta bi ta kansu, wasu kuma irin nasu ba ya tsirowa sai ya sha hayaƙi. Tururuwa na jan wasu irin zuwa ƙarƙashin ƙasa, su kwanta can har wuta ta wuce. Matsalar ita ce gidaje sun matso har gindin dutse, ga kuma baƙin itatuwa da aka kawo daga Turai da Ostareliya, waɗanda wutarsu ta fi zafi nesa ba kusa ba. A Maris na 2015 gobara ta tashi a saman Muizenberg ta yi kwanaki tana ci. A Afrilun 2021 wata ta gangaro ta ƙone ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, aka yi asarar littattafai da takardun tarihin Afirka masu yawa.

Daga Muizenberg zuwa Simon's Town

Nan ne tattakin ya fi daɗi, kuma nan ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Layin dogo da ya isa Simon's Town a 1890 yana bin bakin ruwan False Bay, garuruwan kuma sun jeru a kansa kamar tsakiya a zare: Muizenberg, St James, Kalk Bay, Fish Hoek, Simon's Town. Duk inda ƙafa ta gaji, akwai tasha kusa.

Tsakanin Muizenberg da St James an shimfiɗa turbar siminti a kan duwatsun gaɓa, layin dogo a hannu ɗaya, teku a ɗayan. In ruwa ya cika, igiyar kan doki katanga ta watso wa mai tafiya, ya isa St James da jiƙaƙƙen wando da gishiri a leɓe. A wannan gaɓa aka gwabza a 1795 lokacin da Birtaniya ta ƙwace Cape daga hannun kamfanin kasuwancin Holan da ke mulkin wurin, kuma a wani ɗan gida da ke gefen titin Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakan Birtaniya, ya mutu a 1902.

Sama da garuruwan akwai titin Boyes Drive, inda hanyoyin hawa dutse suke farawa. A gefensa akwai wata 'yar rumfa da mai gadi ke zama da tabarau mai hangen nesa, idonsa a kan ruwa. Ma'aikacin Shark Spotters ne, ƙungiyar da ta fara aiki a 2004 don gargaɗin masu iyo. In ya hango kifin shak, sai a busa jiniya a ɗaga farar tuta, kowa ya fito daga ruwa. Daga tsakiyar shekara zuwa Nuwamba kuma ana ganin manyan kifayen wel suna shigowa kusa da gaɓa.

Daga Kalk Bay turba na hawa ta kwarin Echo da na Spes Bona, inda ragowar tsohon kurmi ya ɓuya daga wuta, aka yi masa gadar katako don kada a tattake saiwoyi. A saman akwai koguna, ciki har da Boomslang, wanda ake shiga da rarrafe da tocila a ɓullo ta ɗaya gefen dutsen. Mai saukowa kan ƙare a tashar masunta. Jiragen katako na sauke kifin snoek, mata na feɗe shi nan take a kan tebur, dabbobin ruwan nan masu gashin baki da ake kira sil na kwance a gefe suna jiran kayan ciki. Sunan garin ya samo asali ne daga farar ƙasa da ake ƙonawa daga ɓawon dodon koɗin teku a da.

Bai kamata a bi wannan gaɓa ba tare da sanin abin da aka yi a kanta ba. A zamanin wariyar launin fata an keɓe mafi kyawun rairayin bakin teku ga Turawa kaɗai, dokar kuwa ba a soke ta ba sai 1990. A 1967 aka ayyana Simon's Town garin fararen fata, aka kwashe iyalan da suka yi zuriya a can, da yawansu Musulmi, zuwa Ocean View. Masuntan Kalk Bay sun turje, akasarinsu suka tsira a wurinsu.

Gaba da Simon's Town kaɗan akwai Boulders, inda tsuntsayen fengwin na Afirka suka kafa gida tun 1982. Yawansu na raguwa ƙwarai saboda ƙarancin ƙananan kifayen da suke ci, har a 2024 aka sa su cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Cape Point

Ƙarshen zirin gandun kiyaye halittu ne tun kafin a haɗe shi da babban gandun. Akwai jimina da barewa da gwaggon biri, iska kuma ba ta hutawa. Bartolomeu Dias ɗan Fotugal ya kewaya wannan tsini a 1488. Tsohuwar fitilar jiragen ruwa an gina ta can bisa, hazo ya riƙa rufe ta, sai da jirgin Lusitania na Fotugal ya nitse a 1911 aka gina sabuwa ƙasa-ƙasa. Turbar Olifantsbos na kai mutum ga ɓaraguzan Thomas T. Tucker, jirgin Amurka da ya daki gaɓa a 1942, ƙarafansa na nan cikin yashi sun yi tsatsa. Mutane da yawa na zaton nan ne ƙarshen Afirka ta kudu, amma Cape Agulhas ne, can gabas.

Duwatsun cikin gari

Table Mountain ya kai mita 1,086, kuma hanyar Platteklip ce miƙaƙƙiya zuwa samansa. Ta nan António de Saldanha ɗan Fotugal ya hau a 1503. Lion's Head mai mita 669 ya fi cika da jama'a, musamman daren da wata ya cika. A kan Signal Hill da ke kusa akwai hubbaren Shaihu Muhammad Hasan Gaibi Shah, ɗaya daga cikin kaburburan malamai da suka kewaye birnin, waɗanda Musulmin Cape ke kira kramat suke kuma ziyarta. Da yawan kakannin Musulmin nan kamfanin Holan ne ya kawo su daga tsibiran Indonesiya da Indiya, wasu bayi, wasu malamai da sarakunan da aka kora. A ƙasan dutsen, a Three Anchor Bay, jama'a ke taruwa duban watan azumi da na salla.

Haɗari

Kusancin gari na yaudarar mutane su fita da silifa ba ruwan sha. Iskar kudu maso gabas kan lulluɓe dutsen da gajimare cikin 'yan mintuna, sanyi ya sauko, turba ta ɓace. Kowace shekara masu aikin ceto, da yawansu 'yan sa-kai, na sauko da waɗanda suka maƙale. Ana kuma samun fashi a wasu turbobi, shi ya sa ake tafiya a ƙungiya. An hana ba gwaggon biri abinci, domin wanda ya saba da hannun mutum kan koma fasa gidaje, ƙarshensa a harbe shi. Zafi da rani na kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan sama kuma Yuni zuwa Agusta, furanni na buɗewa a Satumba da Oktoba.