Abin da dokar Amurka ta ce kan jinyar tsuntsun daji da ya ji rauni

Mutumin da ya tsinci mujiya ko shaho da karyayyen fiffike a bakin hanya a Amurka, tausayi zai sa ya yi tunanin kai shi gida ya yi jinyarsa, amma doka ba ta ba shi wannan damar ba. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta shekarar 1918 ta haramta kamawa, ko kashewa, ko sayarwa, ko ajiye tsuntsaye fiye da iri 1,000 ba tare da izini ba, kuma haramcin ya haɗa da gashinsu da ƙwansu da sheƙarsu. An kafa ta ne don aiwatar da yarjejeniyar 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, a lokacin da maharba suka kusa ƙarar da balbelu saboda gashinsu da ake ƙawata hulunan mata da shi. Daga baya aka ƙulla irinta da Meziko da Japan da Tarayyar Sobiyet.

Abin da aka yarda wa mai tsintuwa shi ne ya ɗauki tsuntsun ya miƙa shi kai tsaye ga wanda ke da lasisin jinya. Ajiye shi a keji na 'yan kwanaki, ko da da kyakkyawar niyya, laifi ne da hukuncinsa zai iya kai wa tarar dala 15,000 ko ɗaurin wata 6. Likitan dabbobi ma iyakarsa ya ba da taimakon gaggawa, sannan cikin awa 24 bayan tsuntsun ya fita daga haɗari ya miƙa shi ga mai lasisi, sai fa idan an kashe shi don a hutar da shi. Tantabarar gari da gwara ba sa cikin wannan kariya, domin shigo da su ƙasar aka yi.

Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ce ke ba da lasisin. Dole mai nema ya kai shekara 18, ya kuma yi aikin jinyar tsuntsaye da hannunsa na aƙalla awa 100 cikin tsawon shekara guda ko fiye, ya tanadi wurin ajiya da ya dace da irin tsuntsayen, sannan ya sami likitan dabbobi da zai riƙa aiki tare da shi. Ko bayan ya sami lasisin, tsuntsun ba mallakarsa ba ne. Ba zai riƙe shi fiye da kwana 180 ba sai da ƙarin izini, kuma an hana shi bari ɗan tsuntsu ya shaƙu da mutane, saboda wanda ya taso yana ɗaukar mutum a matsayin uwa ba ya tsoron maharbi, kuma da wuya ya san 'yan'uwansa idan an sake shi. Shi ya sa a wasu cibiyoyin masu ciyarwa kan rufe fuskarsu, ko su yi amfani da mutum-mutumin uwar tsuntsun.

Sashen da ya fi yi wa mutane nauyi shi ne na kisan jinƙai. Doka ta wajabta a kashe tsuntsun da ya makance gaba ɗaya, ko wanda ba zai iya ci da kansa ko tsayawa a kan reshe ba ko da an yi masa magani, ko wanda rauninsa ke buƙatar a yanke masa ƙafa ko a yanke fiffike daga gwiwa zuwa sama. Ana yin sassauci ne kawai idan likita ya ba da shawara a rubuce, ya kuma ɗauki alkawarin kula da lafiyarsa har ƙarshen rayuwarsa, hukuma kuma ta amince. A ganina hujjar tana da ƙarfi, ko da yake tana da ɗaci, domin tsuntsu mai ƙafa ɗaya yakan sami gyambo a tafin ƙafar da ta rage saboda duk nauyinsa ya koma kanta.

Dabbobi masu shayarwa kuwa, irin su barewa da jemage, galibi dokar kowace jiha ce ke tafiyar da jinyarsu, kuma jihohi da dama sun tsaurara kan waɗanda ke iya ɗauke da cutar haukan kare.

Mikiya tana da ƙarin kariya a ƙarƙashin wata doka ta 1940. Mai jinya da aka kawo masa ita dole ya sanar da hukuma cikin awa 24, idan kuma ta mutu, gawarta da gashinta ana aika su wata ma'ajiyar gwamnati da ke jihar Kolorado, inda ake raba su ga ƙabilun 'yan asalin ƙasar don bukukuwan addininsu.