Saɓanin masana kan ma'anar ilimin kwantam

Ilimin kwantam reshe ne na fiziks da ke bayanin halin ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra, ilektoron da ƙwayar haske. Ba a jayayya a kan lissafinsa, da shi aka ƙera tiransisto da leza. Inda gizo ke saƙa shi ne ma'anarsa: yana siffanta abu ne yadda yake a haƙiƙa, ko kuwa abin da mai awo zai gani kawai yake faɗa?

Gwajin tsaga biyu ya fi fito da matsalar fili. Ana harba ilektoron ɗaya bayan ɗaya zuwa wani shinge mai siraran tsagogi biyu. Kowanne yakan sauka a allon baya a matsayin ɗigo guda, amma in ɗigon ya taru sai ya jeru layi-layi, kamar igiyar ruwa ce ta ratsa tsagogin biyu lokaci ɗaya. Da an sa na'urar gano tsagar da ya bi, sai layukan su ɓace.

Niels Bohr da Werner Heisenberg, masu ra'ayin da aka fi sani da fassarar Kofanhegan, sun ce tambayar inda ilektoron yake kafin awo ba ta da gurbi. Albert Einstein bai gamsu ba. Sun yi ta kai ruwa rana da Bohr tun taron masana fiziks na Solvay na 1927, kuma a 1935 shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka rubuta cewa ilimin bai cika ba, akwai abin da ya rage a ɓoye. David Bohm a 1952 ya ce ilektoron na da wuri takamaimai, wata igiya mai kama da igiyar ruwa ce ke jan ragamarsa. Hugh Everett kuwa a 1957 ya ce duk sakamakon da ka iya faruwa yana faruwa, kowanne a nasa reshen duniya daban.

John Bell ne ya fitar da maganar daga fagen falsafa a 1964, ya nuna za a iya gwada ta. Gwajin John Clauser da Stuart Freedman na 1972 da na Alain Aspect na 1982 sun ba lissafin kwantam gaskiya, kuma a 2022 Clauser da Aspect da Anton Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel. Sai dai ana yawan zuzuta sakamakon. Abin da gwaje-gwajen suka rushe shi ne haɗa zato biyu: cewa abu na da halinsa tun kafin awo, kuma na nesa ba ya shafarsa nan take. Ra'ayin Bohm bai rushe ba, don dama ya yarda na nesa na shafar na kusa.