Amino asid da ginin furotin

Amino asid ƙananan sinadarai ne da jikin mai rai ke jerawa ɗaya bayan ɗaya don gina furotin, kamar yadda ake zura 'ya'yan carbi a zare. Iri 20 ne aka fi sani a wannan gini, ko a mutum, ko a dabba, ko a tsiro. Na farkon da aka gano shi ne asfarajin, wanda Vauquelin da Robiquet suka tace daga wani tsiro a Faransa a 1806. Na ƙarshensu, tiriyonin, sai a 1935 William Rose ya gano shi a Amurka.

Dukkansu tushensu ɗaya. Akwai ƙwayar karbon a tsakiya mai hannu huɗu: ɗaya na riƙe da rukunin amino mai naitirojin, ɗaya da rukunin asid, ɗaya da haidirojin, na huɗun kuwa da wani reshe. A reshen nan bambancin yake. Na gilaisin haidirojin ɗaya ne tak. Na gulutamik yana ɗauke da cajin lantarki, saboda haka yana jituwa da ruwa. Na balin halin maiƙo gare shi, gudun ruwa yake yi. Na sistayin yana da salfa, kuma biyu daga cikinsu kan ƙulla gada mai ƙarfi, irin wadda ta yi yawa a gashi da ƙaho da kofato. Idan rukunin asid na ɗaya ya gamu da rukunin amino na mai bi masa, sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita su sarƙe. Wannan shi ne ƙullin feftaid da Emil Fischer da Franz Hofmeister suka bayyana a 1902.

Masana na kallon ginin furotin hawa huɗu. Na farko shi ne jerin kansa, wa ke bin wa. Frederick Sanger ne ya fara karanta shi a jikin insulin, furotin mai daidaita sukarin jini, mai amino asid 51, ya kammala a 1955. Na biyu shi ne yadda sarƙar ke murɗewa kamar igiya, ko ta jeru layi-layi kamar tabarma. Linus Pauling da Robert Corey suka fayyace su a 1951. A hawa na uku sarƙar duka ke dunƙulewa, masu gudun ruwa su ɓuya ciki, masu sonsa su tsaya waje. Na huɗu kuwa haɗuwar sarƙoƙi ne su yi aiki tare. Kolajin, wanda shi ne ƙarfin fatar da majeman Kano ke jemawa, sarƙa uku ce a tufke, kuma duk amino asid na uku a cikinta gilaisin ne, domin shi kaɗai ke da ƙanƙantar shiga tsakiyar tufkar.

Zafi da tsami kan warware dunƙulin ba tare da sun tsinka sarƙar ba. Abin da ke faruwa ke nan idan mai shayi ya fasa ƙwai a kasko ya yi fari ya daskare, ko mai awara ta zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya ya tsinke.

Daga cikin 20 ɗin, 9 jikin mutum ba ya iya haɗa su, dole sai ta abinci. Gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin laisin, wake kuwa yana da shi amma ya gaza a metiyonin. Ashe garau-garau da koko da ƙosai haɗi ne mai ma'ana, kowane na cike giɓin ɗan'uwansa. Wannan ilimi ya cancanci ya kai kunnen duk uwar da ke yaye.

Babu inda muhimmancin jeri ya fito fili kamar a cutar amosanin jini, wato sikila, wadda da wuya ka sami unguwa a Kano da ba a san raɗaɗinta ba. Himogulobin, furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, sarƙa huɗu ne: alfa biyu masu amino asid 141 kowace, da beta biyu masu 146. A wajejen 1957 Vernon Ingram ya nuna a Kambirij ta Ingila cewa a jinin mai sikila gurbi ɗaya ne kawai ya canza, na 6 a sarƙar beta, inda balin ya maye wurin gulutamik. Wato an dasa mai gudun ruwa a bayan furotin ɗin, inda ruwa ke kewaye da shi. Da zarar oksijin ya yi ƙasa, sai wannan tabo ya nemi mafaka a jikin himogulobin na kusa, wancan ma ya kama na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri. Su ne ke lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ƙashi.

Wanda ya gaji canjin daga ɗaya cikin iyayensa kawai shi ne AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, har ma yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai sikila. A 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na jinsin jini. Gwajin da aka saba yi ya dogara ne kan cajin nan da ya tafi tare da gulutamik: idan aka saki lantarki, himogulobin na sikila ba ya tafiya daidai da lafiyayye, bambancin da Pauling da abokan aikinsa suka fara gani a 1949.